Yelwa, Matar da Ba Ta Taɓa Igiya

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san Yelwa, in bai san sunanta ba ya san ta da tulu. Unguwar sabuwa ce a lokacin, can wajen ganuwa, matattarar leburori da 'yan koli da waɗanda ba sa son a tambaye su daga ina suka fito. Akwai rijiya a bakin masallaci, taku kaɗan daga gidan da take zaune, amma kullum safiya sai a ga Yelwa ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba, ta gangara har rafin Kamaca ta ɗebo ruwa, sahu uku, wata rana huɗu. Matan unguwa, da ba a raba su da abin faɗi, suka ce girman kai ne. Wasu suka ce iskoki ne suka hana ta. Duk iya sa idonsu ba wadda ta lura cewa matar nan ba ta ɗaure akuya, ba ta shanya sai a kan danga, kuma ba a taɓa ganin ko dutsen ado ɗaya a wuyanta ba.

Igiya ce Yelwa ba ta taɓawa, kuma tana da dalili. Tana 'yar shekara bakwai mahara suka faɗa wa ƙauyensu, can kan duwatsu kudu da Zazzau. Aka zura mata igiya a wuya, aka haɗa ta da wata mata da ba ta sani ba, aka koro su arewa. A kwana na shida matar ta faɗi, ta ja yarinyar suka faɗi tare. Aka kwance matar aka bar ta a bakin hanya tana numfashi, aka ɗaura Yelwa da na gaba, aka ci gaba da tafiya. Kafin su iso igiyar ta ci fatar wuyanta ta bar mata tabo zagaye. Gidan da ya saye ta ne ya raɗa mata Yelwa, don a shekarar an yi hatsi. Sunan da uwarta ta sa mata kuwa ya ɓace mata, muryar kiran kawai take tunawa.

Ta yi kusan shekara ashirin a ƙauyen gonar ubangijinta tana noma da daka. Da ya rasu, magada suka zo rabo suka lissafa ta tsakanin saniya da rumbu. Alƙali ya ce musu zamani ya sake, ya ba ta takardar 'yanci. Ta ƙulle takardar a bakin zane, ta kama hanya da ƙafa, ba ta tsaya ba sai Tudun Wada, ƙofar gidan wata tsohuwa mai tuwon sayarwa, Inna Atika. Tsohuwar nan bakinta ya fi barkono zafi, amma idonta na gani. Ranar farko, Yelwa ta sunkuya kan turmi mayafinta ya zame, Inna Atika ta ga tabon. Ta je ta kwance igiyar shanyar tsakar gida ta jefa cikin rumbu, suka ci gaba da zama kamar uwa da 'ya.

A shekara ta uku da zuwanta Inna Atika ta gaji da ganin ta tana dawowa daga rafi wuya ya sage. Ta ce za ta sa a haƙa rijiya a garkar bayan gida, ita za ta riƙa ja, Yelwa ta riƙa ɗauka. Aka kira mata Ɗantsoho mai rijiya.

Shi ma Ɗantsoho sananne ne a unguwar, amma da abin dariya. Kowa ya sani haƙar rijiya aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙasa yana sara da dagi yana cika kwando, ɗaya a sama riƙe da igiya yana jawowa. Ɗantsoho kuwa shi kaɗai yake aikinsa. Ya kafa turke a gefe ya ɗaure igiya, ya sauka ta ramukan taka da yake sassarawa a jikin bango, ya cika kwando, ya hauro, ya jawo, ya zubar, ya sake sauka. Rijiyar da mutum biyu ke gamawa cikin kwana ashirin sai ta ci masa wata biyu. In ya wuce, masu zaman gindin bishiya su ce, ga sarkin ƙasa ga sarkin sama. Mutum ne dogo, siriri, ɗan shekara talatin ko kusa, da ba ya haɗa ido da mutane.

Yelwa ce ke kai masa abinci da azahar. Takan ajiye akushin can gindin ɗorawa, nesa da rijiyar, ta koma gefe ta jira. Da fari gaisuwa kawai ke haɗa su. Daga baya ya fara gaya mata irin ƙasar da ya tarar a ranar, ja ce ko marmara, da yadda ake jin ƙanshin ruwa tun kafin a gan shi. Ita kuma ta fara ƙara masa man shanu a miya ba tare da an sa ta ba. Inna Atika ta ga man yana raguwa, ta ce ashe ɓeran gidan nan har ludayi ya iya riƙewa. Yelwa ta sunkuyar da kai. Gaskiya ita ce son mutumin ya kama ta, kuma abin ya ba ta tsoro, don ba ta taɓa son wani abu ya zauna a hannunta ba.

Shi ma yana son ta, kuma a nan ya yi wautar da mai rijiya kaɗai zai iya yi. Ya ga tana zuwa rafi, ya ga matan bakin masallaci kullum cikin faɗa kan aron guga, sai ya yanke a ransa cewa rashin guga nata na kanta ne ke wahalar da ita. Ya sayi rama mai kyau, ya yi mako uku yana tufka da yamma bayan ya tashi aiki, har ya fitar da igiya mai laushi wadda bai taɓa yi wa kansa irinta ba. Ya sa baduku ya ɗinka masa guga. Ran da ya gama, Yelwa ta zo kwashe kaya, akushi a hannu ɗaya, ƙwaryar ruwa a ɗayan. Ya ga hannuwanta a cike, kunya kuma ta hana shi magana, sai ya ɗaga naɗin igiyar ya zura mata ta ka ya sauka a kafaɗa, yadda masu rijiya ke rataya wa juna kaya.

Ba ta yi ihu ba. Akushin ya faɗi, ƙwaryar ta fashe. Ta durƙushe a ƙasa ido buɗe ba ta ganin kowa, bakinta yana maimaita wasu kalmomi da wani yare wanda ita kanta ta ɗauka ta manta shi. Inna Atika ta fito a guje ta fizge igiyar ta yar, ta rungume ta ta kai ta ɗaki. Sannan ta dawo kan Ɗantsoho, wanda ke tsaye kamar an dasa shi.

"Kai da ido biyu kamar na mutane, amma ƙasa kawai kake gani," in ji ta. "Wata biyu tana kawo maka tuwo, ba ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa take ajiyewa can gindin ɗorawa ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi, kai ka ɗauko macijin ka rataya mata a wuya."

Ta gaya masa labarin tabon. Ya saurara har ƙarshe, ya tsugunna ya tattara gutsattsarin ƙwaryar, ya tafi.

Kwana uku Yelwa ba ta fito ba, shi kuma bai zo aiki ba. A na huɗu, da la'asar, ta ji muryarsa ta bayan zanar ɗakinta. Bai nemi ta fito ba, bai ma nemi ta amsa ba. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, zai faɗa, in ya gama ya tafi.

Yana da wa, Kailani, wanda ya koya masa sana'a a garinsu, wani gari mai ganuwa a hanyar Kano. Kailani ke sauka, shi ke riƙe igiya. Ba sa buƙatar magana a tsakaninsu: ja ɗaya na nufin tsaya cik, ja biyu na nufin hauro. A shekarar da sojan Turawa suka biyo ta hanyar, suna cikin yashe wata tsohuwar rijiya mai zurfi wadda ba ta da ramukan taka. Kailani yana tsakiyar haurowa, nauyinsa duk a kan igiya, sai aka harba igwa, babbar bindigar Turawa. Ƙofar gari ta tarwatse, mutane suka watse da gudu. Ɗantsoho bai san lokacin da hannunsa ya buɗe ba. Ya tsinci kansa a daji. Bayan kwana uku ya dawo ya sauka, ya tarar da wansa ya cika, ƙafa a karye, da sawun farcensa a jikin bango har inda hannu zai iya kaiwa.

"Ashe bai mutu nan take ba," ya ce. "Ya jira ni. Tun daga ranar ban riƙe wa kowa igiya ba, ban kuma yarda wani ya riƙe mini ba. Turke ba ya jin tsoro. Ki yafe mini, Yelwa. Ni abin da na fi iyawa na kawo miki."

Tana kwance tana jin sa, hawaye na gangara mata cikin kunne. Ta tausaya masa fiye da yadda ta taɓa tausaya wa kanta. Amma da ya aiko wa Inna Atika da maganar aure bayan mako guda, amsar da ta bayar ita ce ba za ta iya ba. Gidan mai rijiya igiya ce a bango, igiya a ƙofa, warin rama a rigarsa. Shi kuma ya ce ba shi da wata sana'a. Inna Atika ta yi tsaki ta ce ba ta taɓa ganin marasa lafiya biyu da kowa ke riƙe da maganin ɗan'uwansa suna kallon juna haka ba. Ya dawo aiki, Yelwa ta ci gaba da ajiye akushi a gindin ɗorawa.

Ana cikin haka bazara ta kai ƙarshe, kuma labari ya cika gari cewa ana kamun 'yan dako don yaƙin da Turawa ke yi da Jamus can gabas. Wanda aka kama za a ɗora masa kaya a ka ya yi tafiyar watanni, kuma cikin waɗanda aka tafi da su bara ba duka suka dawo ba. Wata ranar Talata da hantsi aka ce masu kamun sun shigo Tudun Wada. Kafin ka ce kwabo mazan unguwa sun ɓace, wasu cikin rumbu, wasu sun nausa daji wajen Dutsen Abba. Ɗantsoho ya ce shi ba inda za shi. Ramin da yake ciki ya kai gaba shida, wa zai neme shi a can? Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa ruwan farko ya sauka jiya kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta sha ta yi laushi.

Inna Atika ta tafi kasuwa sayen kuka. Yelwa tana bayan gida tana baza tsaba a tabarma sai ta ji wani ƙara mai nauyi daga cikin ƙasa, kamar an kifar da turmi. Ta juya. Gefe ɗaya na bakin rijiyar ya tsage, ƙura na tasowa. Ta matsa har inda ba ta taɓa kaiwa ba, ta leƙa. Bango ya zabtare daga tsakiya, ya tafi da ramukan taka kusan gaba biyu. Can ƙasa Ɗantsoho yana tone ƙafafunsa daga cikin laka. Ya ɗago kai ya ce mata lafiya lau yake, ta ja baya, zai hauro da igiya kafin sauran bangon ya biyo.

Ya fara hawa. Ya wuce ramukan ƙasa, ya iso wurin da ya zabtare, inda ba abin takawa, ya ɗora nauyinsa duka a kan igiya. A nan Yelwa ta ga turken yana sunkuyowa. A hankali yake yi, laka na kumbura a gindinsa. Ta dubi hagu ta dubi dama, ba kowa. Ta buɗe baki za ta yi kururuwa, sai ta tuna waɗanda kururuwar za ta kira. Gaba kura, baya siyaki. Igiyar tana miƙe a gabanta, tana rawa, warin rama ya cika mata hanci, wuyanta ya fara zafi a daidai tabon. Ƙafafunta suka ce mata ta gudu.

Turken ya fita. Yelwa ba ta san ta kama ba sai da ta ji igiyar na gudu cikin tafinta tana yanka. Igiyar ta ja ta a ƙasa har bakin rijiya, ƙafafunta suka ci karo da gungumen da aka gitta a wurin, ta dafe shi da diddige ta kwanta baya. Igiyar ta tsaya. Da sauran tsawon da ke bayanta ta naɗe ƙugunta sau biyu, ta danne da gwiwar hannu. A ƙasa Ɗantsoho ya zamo ya samu ɗan dutse ya ɗora yatsun ƙafa ɗaya, sauran nauyinsa yana kanta. Ya ɗaga kai bai ga kowa ba, amma ya ji a hannunsa cewa abin da ke riƙe da shi yanzu yana numfashi.

"Yelwa, ke ce?"

Ta ƙanƙame igiyar tana haki.

"Saki," ya ce. "Na fi ki nauyi, zan jawo ki mu faɗa tare. Don Allah saki. Ni dama abin da ya dace da ni ke nan."

Ta ƙara danna diddige a jikin gungumen. A daidai lokacin ta ji takun mutane a hanyar da ta bi ta bayan garka. Ta tuna maganar da ya yi mata ta bayan zana, ta tattara ƙarfinta ta girgiza igiyar sau ɗaya. Ƙasa ta yi tsit.

Masu kamun ne, mutum uku a gaba. Biyu baƙi ne, da kulake, ɗayansu da naɗin igiya a kafaɗa. Na ukun Isiyaku ne, ɗan aiken mai unguwa, wanda aka tilasta ya nuna gidaje, mutumin da ya ci tuwon gidan nan ya fi a ƙirga. A bayansu mutum huɗu ne a jere, an haɗa su da igiya wuya da wuya. Yelwa ta gan su, duniya ta juya mata. Ta ji kamar ita ce ta biyar. Ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini, don kada bakinta ya fara wancan yaren.

Babban cikin baƙin ya tsaya ya tambaye ta ina mai haƙar rijiyar. Ta ce ya tafi tun safe. Ya ce to me take ja haka har ta kwanta. Ta ce kwandon laka ne ya maƙale. Ya yi dariya ya ce lallai garin nan ya lalace, maza sun gudu mata na haƙar rijiya. Sannan ya ce bari ya gani, ya tako ta cikin garka.

Isiyaku yana kallon hannuwanta. Shekara uku yana ganin matar nan tana kauce wa igiyar akuya a hanya, yau ga ta da igiya a ƙugu, jini na bin ramar yana ɗiga a ƙasa. Ya san abin da ke ɗaya bakin igiyar. Ya kuma san in aka gano ya ɓoye mutum, wuyansa ne zai cike gurbin. Yelwa ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, tsaya nan," in ji Isiyaku. "Dubi tsagar can. Da safen nan ta rufta, shi ya sa mai aikin ya gudu. Ita mace ce ba nauyi, kai in ka taka wurin sai dai a tono ka."

Mutumin ya dubi tsagar, ya dubi ƙafarsa. Kamar an shirya, wani ɓangaren ƙasa ya ɓalle daga bakin ya faɗa ciki. Ya ja da baya taku biyu, ya tofar da yawu, ya ce su wuce. Aka ja layin. Na ƙarshe a jeren, wani dattijo mai furfura a gemu, ya waiwayo ya dubi igiyar, ya dubi Yelwa, ya fahimta, ya kau da kai bai tona musu asiri ba. Ba ta san sunansa ba, ba ta kuma sake ganin sa ba, amma har ta tsufa tana sa shi a addu'a, tana jin ciwon cewa hannu biyu kawai Allah ya ba ta.

Ta jira har takun ya ɓace. Hannuwanta sun daina jin komai, bayanta kamar zai rabe. Ta girgiza igiyar sau biyu.

Ba abin da ya motsa. Ƙasar da ta faɗa ta same shi ne? Ta sake girgizawa sau biyu. Can sai ta ji nauyin ya ƙaru, ya ragu, ya sake ƙaruwa. Yana hawa. Kowane ɗagawa sai igiyar ta shiga naman ƙugunta, gungumen ya yi ƙara a ƙarƙashin diddigenta. Ta rufe ido tana ƙirga numfashi. Sai nauyin ya tafi gaba ɗaya, Ɗantsoho ya kai ramukan sama. Hannu mai laka ya dafa gungumen, sannan kai, jini na zuba daga goshi. Ya mirgino waje ya kwanta kusa da ita yana haki.

Ya daɗe kafin ya tashi zaune. Ya ga har yanzu tana riƙe da igiyar, yatsunta sun ƙi buɗewa. Ya nemi izini da ido, ya shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Fatar tafin duka ta tafi. Da ya ga haka sai ya fashe da kuka, irin kukan da ya yi shekara goma sha biyu yana haɗiyewa.

"Na ce ki saki," ya ce.

"Na ji ka."

"To me ya hana ki?"

Ta dubi igiyar da ke kwance a cinyarta, ta ga igiya ce kawai, rama ce da aka tufka. "Waccan ja na aka yi da ita," ta ce. "Wannan ni na riƙe."

Inna Atika ta dawo ta same su a haka. Ta ajiye kukarta, ta yi salati, ta zage su duka biyun tas, sannan ta dafa bagaruwa ta wanke hannuwan tana share ido da gefen mayafi. Wata biyu Yelwa ba ta iya riƙe taɓarya ba. Bayan kaka aka ɗaura musu aure a ƙofar gidan, liman ya tsaya mata waliyyi, Isiyaku ne ya raba goro.

Kada a ce daga ranar komai ya warke, ƙarya ne. Har ta koma ga Allah Yelwa ba ta sa abin wuya ba, kuma in aka wuce da fursunoni a ɗaure takan shige ɗaki ta yini ba ta ci abinci ba. Shi ma in aka yi tsawa yakan zauna ya damƙe hannuwansa tsakanin gwiwoyi, ita kuma ta zo ta zauna kusa da shi har hadarin ya wuce. Sun haifi 'ya'ya uku, biyu suka rayu. Sun yi shekara ashirin da wani abu suna haƙa tare, a Tudun Wada da Hanwa da ƙauyukan gefe, shi a ƙasa ita a sama. Masu zaman gindin bishiya suka samu sabon abin dariya, mace a bakin rijiya tana jan kwando, har suka gaji suka daina. Rijiyoyin kuwa da sunansa ake kiran su, kamar yadda aka saba yi wa mata.

Amma in ana son a san Yelwa, ranar farko da suka fita aiki bayan aure ita ce abin tunawa. Rijiyar Inna Atika suka koma ƙarasawa, an gyara bangon an daɓe bakin. Ɗantsoho ya fiddo sabon turke da ya fere, ya tsugunna zai kafa, don hannu ba ya manta abin da ya saba. Yelwa ta fito daga cikin gida da wani naɗi a kafaɗarta. Igiyar nan ce mai laushi da ya yi mako uku yana tufkawa, ita da kanta ta shiga rumbu, inda Inna Atika ta ɓoye ta, ta ɗauko. Ta miƙa hannu, ya ba ta turken ba tare da ya gane ba. Ta juya ta kai shi murhu ta cusa ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Ya daɗe a tsaye a bakin rijiyar, yana duban wutar, yana duban tafin hannunta mai sabuwar fata. Ba ta lallashe shi ba. Ta naɗa igiyar a ƙugu, ta zauna, ta dafe gungumen da diddige, ta jefa masa ɗaya bakin.

Ya yi bisimilla ya sauka.